Hukuncin Cewa "Ina Azumi" Don Guje Wa Kayan Zaƙi A Wurin Aiki

TAMBAYA:

Ni ma'aikaciya ce, likita ya ce lallai in rage ƙiba saboda hawan jini, kuma ciwon suga na neman kama ni. To amma a ofishinmu da wuya mako ya wuce ba a kawo cincin, alkaki, kek ko lemo na suna ko na biki ba. Idan na ƙi ci sai a ce girman kai ne, shi ya sa nake cewa "ina azumi" alhali ba na yi. Shin ina da laifi?

AMSA:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

'Yar'uwa, ƙin cin ba laifi ba ne. Inda laifin yake shi ne cewa kina azumi alhali ba kya yi, domin wannan ƙarya ce, kuma nuna ibadar da ba a yi ba ce. Ki tuba ki daina, kunyar mutane ba ta halatta ƙarya.

Ki sani Shari'a ba ta tilasta miki cin duk abin da aka miƙo miki ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) hadisin da ke nuna wanda aka gayyata abinci ya amsa gayyatar, amma cin yana ga zaɓinsa. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito an kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba, ya bayyana dalilinsa, Khalid ɗan Walid (RA) kuwa ya ci a gabansa. Bai kushe abincin ba, bai kuma ƙirƙiri uzuri ba.

Ki yi koyi da wannan. Ki yi godiya, ki yi wa jariri ko amarya addu'a, ki ce: "Likita ne ya hana ni." In kina tsoron ɓata wa mai kyautar rai, ki karɓa ki kai wa yara gida, ko ki ba mai gadi. Kar ki ajiye a kan teburinki, don abin da ido ke kallo shi zuciya ke biya.

Jikinki amana ce. Aya ta 31 cikin Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib (RA) da Tirmizi ya ruwaito kuma ya kasa ciki kashi 3: na abinci, na abin sha, da na numfashi. Ki karya kumallo sosai kafin ki fito, don mai jin yunwa bai iya kallon cincin ya kau da kai.

Idan kina son "ina azumi" ta zama gaskiya, ga azumin Litinin da Alhamis nan, bayan kin shawarci likitanki, da izinin maigida in yana gari. Sai dai ki yi shi don Allah, rage ƙiba ya biyo baya. Wanda ya kame baki don ya rame kawai, ba shi da ladan azumi.

Ku kuma masu kawowa, in ɗan'uwa ya ce ba zai ci ba, ku daina matsa masa. Ba ku san lalurar da yake ɓoyewa ba.

Allah Ya ba ki lafiya. Wallahu a'alam.