Me ya sa sai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14?

Tun watan Oktoba na 2023 da aka fara allurar rigakafin HPV, Jigawa kuwa tana cikin rukunin farko, tambaya ɗaya ke yawo daga majalisun Dutse har kasuwar Shuwarin: "In dai don lafiya ce, me ya hana a yi wa uwayensu da 'yan'uwansu maza?" Daga nan sai a ɗora cewa haihuwa ake so a hana su.

Ƙayyade shekarun gaskiya ne. Hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa ce ta tsayar da 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, kyauta. Dalilin yana tattare da cutar kanta. Ƙwayar HPV, wadda ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, ta hanyar saduwa take shiga jiki, sai ta yi shekaru a ɓoye. Allurar tare ta take yi tun daga ƙofa. Ba ta korar wadda ta riga ta shiga. Shi ya sa ake son yarinya ta samu tun kafin aure, lokacin da jikinta ya fi karɓar rigakafin. Maza kuwa ba su da mahaifa, don haka aka fara da waɗanda cutar ke kashewa: mata kusan 8,000 a Najeriya a 2020 kaɗai.

Zancen hana haihuwa ba shi da tushe. Ostireliya ta fara wannan allura tun 2007, 'yan matan da aka yi wa a lokacin yau da yawansu iyaye ne.

Ban ga laifin uban da ya yi tambaya ba. Wanda ya tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yaran Kano a 1996, dole ya yi taka-tsantsan. Sai dai wancan gwajin sabon magani ne, wannan allura kuwa an daɗe ana amfani da ita a ƙasashe fiye da 100.

 

Matar da ta wuce shekarun allurar, gwajin bakin mahaifa ne nata. In ta ga jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, ta je asibiti, kada ta tsaya shan jiƙo.