Kafofin Sada Zumunta Sun Rage Nisa, Amma Sun Sa Mun Fahimci Juna?

Iyayenmu ba su manta da lokacin da saƙo daga Damagaram zuwa Kumasi yake ɗaukar makonni ba. Wanda ɗansa yake zango sai ya nemi malami ya rubuta masa wasiƙa da ajami, ko ya ɗauki muryarsa a kaset, ya ba direban babbar mota, ya koma yana jiran amsa. Yau tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana danna waya ta yi magana, jikanta da ke karatu a Alƙahira ya ji ta kafin ta ajiye wayar.

Wannan sauyi bai daɗe ba. An buɗe Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp kuma a 2009. Abin da ya fi taɓa mu shi ne saƙon murya da WhatsApp ta shigo da shi a 2013, domin ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya karatu da rubutu ba. A shekarar ne kuma Google ta saka Hausa cikin manhajarta ta fassara, Facebook ta bi baya da Hausa a 2016.

Amfanin farko da muka gani shi ne Hausawa sun sake gano junansu. Jikokin mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno ta Sudan, yanzu suna zaure ɗaya na WhatsApp da mutanen Sakkwato da Maraɗi da unguwar Nima ta Accra. A nan ɗan Kano yake jin ɗan Nijar ya ce "lakwal" inda shi zai ce makaranta, ya ce "likita" inda shi zai ce asibiti; a yi dariya, kowa ya ƙaru. Ranar Hausa ta Duniya ma, wadda ake yi kowace 26 ga Agusta, a waɗannan kafofi ta faro a 2015, bisa shawarar ɗan jarida Abdulbaƙi Jari, kafin ta fito fili a riƙa yin taruka.

Haka abin yake tsakaninmu da sauran al'ummomi. Ɗalibi a Yamai yana kallon yadda ake buɗa-baki a Indonesiya ko yadda manomi ke shuka shinkafa a Sin, ba tare da wani ya tsaya a tsakiya ya tace masa ba. Su ma suna ganin hawan sallarmu da kokawarmu daga hannunmu.

To amma gani daban, fahimta daban. Abin da ke fitowa a shafinmu ba mu kaɗai muke zaɓarsa ba. Kamfanonin nan da talla suke samun kuɗi, don haka burinsu mu daɗe muna kallo. Akwai tsarin lissafi a cikin manhajar da ke lura da abin da muka tsaya a kai, da wanda muka tura, da wanda muka yi wa martani, sai ya ƙaro mana irinsa. Abin da ke tayar da hankali kuwa ya fi saurin jawo martani. Ta haka mutum zai wayi gari bai san wata ƙabila ba sai ta bidiyon mafi munin mutanenta, ya ɗauka duk haka suke.

Wannan ya riga ya ci rayuka. A Myanmar an yi amfani da Facebook wajen yaɗa ƙiyayya ga Musulmin Rohingya, waɗanda fiye da 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangladesh daga watan Agustan 2017. A 2018 kamfanin da kansa ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba don hana hakan. A Indiya, jita-jitar satar yara da aka riƙa turawa ta WhatsApp ta sa an kashe baƙi da ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa dokar ga duniya baki ɗaya a 2019.

Saboda haka, 'yan'uwa, nauyin yana wuyanmu. Kafin mu tura hoto ko murya da ke zargin wasu mutane, mu tambayi kanmu: wa ya fara fitar da shi, yaushe, kuma a ina? Sau da yawa tsohon hoto ne daga wata ƙasa aka liƙa masa sabon labari. Mu riƙa bin shafukan mutanen da ba yarenmu ɗaya ba, mu ji yadda suke bayyana kansu da bakinsu. Idan mun ga al'adar da ta ba mu mamaki, mu yi tambaya kafin mu yanke hukunci. Masu kula da zaurukan masallatai da na ɗalibai kuma su goge duk saƙon cin mutuncin wata ƙabila, ko da daga babba ya fito, su yi masa bayani cikin ladabi a keɓe.

Allah Ya sa wayoyin da ke hannunmu su zama sanadin zumunci, Ya tsare mu daga zama masu kai gulma tsakanin al'ummomi.