Ƙidaya biyu a agogo ɗaya: Inda masu koyon Koriyanci ke tuntuɓe

Ma'aikacin da ke shirin zuwa kwas a Koriya ta Kudu yakan haddace haruffan Hangul 24 cikin 'yan kwanaki. Ƙidaya ce ke fara ba shi wahala, domin iri biyu ce: ta gargajiya, wato hana, dul, set, da wadda aka aro daga Sinanci, wato il, i, sam.

Wurin faɗin lokaci ake haɗa su. Awa da ta gargajiya, minti da ta aro: ƙarfe 3:30 shi ne "se si samsip bun". Kuɗi kuwa da ta aro ake lissafa su, kuma a kan dubu goma, wato "man", ake gina manyan lambobi. Wanda ya manta wannan zai iya ruɗewa a kan farashi.

Shi kuwa aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Girman wanda ake wa magana yakan sauya shi. "Gada", wato tafiya, yakan koma "gayo" a hirar ladabi, "gamnida" a taron hukuma. "Ga" kaɗai na abokai ne. Faɗa wa shugaba shi rashin ladabi ne.