Wanda Ake Tuhuma Amma Hankalinsa Ya Gushe: A Ina Zai Jira Shari'a?

Kotu ba ta ci gaba da shari'ar mutumin da bai gane tuhumar da ake masa ba, ko ya kasa kare kansa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce idan alƙali ya ga alamar taɓin hankali, a sa likita ya duba mutum, a jingine shari'ar har ya samu sauƙi. Ta kuma ba da damar, a laifukan da ake ba da beli, a damƙa shi ga wanda zai tsaya masa ya kula da shi.

To amma fa, a ina zai zauna?

Mu ɗauki misalin ɗan ƙwadago a gonakin shinkafa na Madobi, Kura ko Bunkure, wanda ya saba haɗiyar tramadol don ya wuni yana aiki, da dare ya ɗora da wiwi. Likitocin Dawanau za su ba shi magani, amma sai an yi makonni ake ganin amfaninsa sosai. Maganin yana rage tasirin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, wiwi kuwa zuga shi take yi. In ya koma majalisarsu ta da, an yi ba a yi ba ke nan. In kuma aka ajiye shi a gidan yari, cunkoso da rashin barci su ƙara dagula shi, alhali ba a same shi da laifi ba.

A Amurka, tun 1972 Kotun Ƙoli ta hana tsare irin wannan mutum ba iyaka. Yanzu wasu jihohinsu sukan ba shi masauki mai ƙa'ida: ba giya, ba ƙwaya, ana gwajin fitsari, ana kai shi asibiti, ana koya masa aikin alƙali da lauya da shaida.

Mu ma dabarar ba baƙuwa ba ce. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan uwansa, da rana su je karɓar magani.

Kano na da likitoci, tana da dangi masu riƙon nasu. Abin da ya kamata a ƙara shi ne gida tsakanin kurkuku da unguwa, inda ƙwaya ba ta shiga. Ba don wanda ake tuhuma kaɗai ba: shi ma mai ƙara ba zai ga hukunci ba sai wancan ya dawo hayyacinsa.