Rigar Ango da Ankon Biki: Wane Firosesa Za Ka Ɗauka?

Duk saurayin da ya tara kuɗi don ya haɗa kwamfutar tebur, tambaya guda ce ke tsayar da shi a bakin shago, ko a titin Beirut na Kano yake, ko a Banex ta Abuja. Za ka ji ya ce wa mai kayan: "Oga, da rana ina editin bidiyon biki, da dare kuma ina buga gem. Wanda zai yi mini duka biyun nake so." Sunaye biyu kan fito a irin wannan ciniki tun 2023. Akwai Ryzen 7 7800X3D na kamfanin AMD, wanda ya fito a watan Afrilun shekarar a kan dala 449, akwai kuma Core i7-14700K na Intel, wanda ya biyo baya a watan Oktoba a kan dala 409. Kuɗin da suka fito a kai ba shi da nisa da juna, amma ba aiki ɗaya aka ƙera su dominsa ba, kuma lambobin da ke jikin kwali ba sa faɗa wa mutum hakan kai tsaye.

A ɗauka shagunan ɗinki biyu ne a layi ɗaya. Na farko yana da teloli takwas, duka gwanaye, babu yaro ko ɗaya. Abin da ya bambanta shi da sauran shaguna shi ne teburinsa. Faffaɗa ne ƙwarai, an jere masa zare kowane launi, da maɓallai, da zif, da shafi, da alli, da almakashi, duk abin da tela zai nema yana inda hannunsa zai kai ba tare da ya ɗaga ƙafa daga kan keke ba. Shago na biyu shi ma teloli takwas ne, ƙafarsu ma ta ɗan fi ta na farko sauri, kuma suna da yara goma sha biyu masu sa maɓalli, da kalmasa, da guga, da ninke kaya. Sai dai teburinsu bai kai rabin na maƙwabtansu ba. Da zare ya ƙare, sai an tashi wani ya je sito a bayan layi, tela kuwa ya naɗe hannu yana jira.

Shagon farko shi ne 7800X3D. Ƙwayoyin aikinsa takwas ne, saurinsu yana kaiwa gigahaz 5.0, ma'ajiyar kusa da ke jikinsa kuma, wato faffaɗan teburin nan, megabait 96 ce, domin AMD ta ɗora ƙarin megabait 64 a saman 32 ɗin da aka saba, bene a kan bene. Shago na biyu shi ne 14700K: manyan ƙwayoyi takwas masu kaiwa gigahaz 5.6, da ƙanana goma sha biyu, ashirin ke nan, ma'ajiyar kusa kuma megabait 33. Siton da ke bayan layi shi ne ram. Yana da girma, yana ɗaukar komai, amma zuwa can a dawo yana cin lokacin da ya ninka na miƙa hannu kan tebur sau biyar ko fiye.

To, ga ango ya shigo da shaddarsa da hantsi, ɗaurin aure kuwa bayan Juma'a. Riga ɗaya ce, kuma tana da tsarin da ba a tsallakewa. Sai an yi awo kafin a yanka, sai an yanka kafin a haɗa, ba a sa hannun riga alhali jikinta bai tsaya ba. Ko mutum ashirin ne a shagon, ba za su taru a kan wuyan riga ɗaya ba. Biyu ko uku ne za su yi aikin gaske, saura su tsaya kallo. Abin da zai fitar da ango kunya shi ne kada telan da ke riƙe da rigar ya tsaya ko sau ɗaya. Idan aka ce farin zare ya ƙare, an aiki yaro, minti goman nan da ake jira su ne ango zai ji a ransa yana duba agogo.

Haka gem yake. Kafin kowane hoto ya bayyana a fuskar kwamfuta, firosesa sai ya lissafa inda kowane ɗan wasa yake, inda ƙwallo ko harsashi ya nufa, abin da ya bugi wani abu, da maɓallin da ka danna, sannan ya miƙa wa katin hoto ya zana. Idan kana son hotuna 60 a daƙiƙa, kowane ɗaya yana da ƙasa da kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa. Idan 144 kake so, kusan kashi 7 ne kacal. Yawancin wannan lissafin a jere yake, wani yana jiran wani, kuma bayanan da ake buƙata yanzu su ne dai za a sake buƙata a hoto na gaba. Saboda haka mai faffaɗan tebur ke cin riba. Shi ya sa a gwaje-gwajen da aka yi tun fitowarsa, 7800X3D yake gaban 14700K a mafi yawan wasanni, duk da cewa lambar saurinsa ta gaza ta abokin hamayyarsa. Ribar ma ba a yawan hotuna kaɗai take ba. Wannan ɗan ƙamewar da gem ke yi a tsakiyar gumurzu, lokacin da mutane suka cika fili a Warzone, ko jirgi ya sauko kan babban birni a Microsoft Flight Simulator, sau da yawa jiran aike ne daga sito, kuma ita ce ke raguwa. Wanda ya saba da gem ya san ita ce ta fi cin rai.

Yanzu kuma uwar amarya ta aiko da anko, atamfa turmi ɗari biyu, ɗinki iri ɗaya, ana so kafin kamu. A nan labari ya juya. Kowace riga zaman kanta take yi, ba ta jiran 'yar uwarta. Maigidan shago zai raba wa kowa nasa, manya su yanka su haɗa, yara su bi da kalmasa da guga, babu hannun da zai zauna. Faɗin tebur ba ya ƙara komai, domin kowane turmi sabo ne, ana gama shi ya wuce, wani ya shigo. Yawan hannu ne ke aiki.

Fitar da bidiyo bayan an gama editin irin wannan aikin ne. Haka renda a Blender, da matse manyan fayiloli, da harhaɗa babbar manhaja ga masu rubuta ta. A Cinebench R23, gwajin da ke sa dukkan ƙwayoyi aiki lokaci guda, 14700K yana samun kusan ninki biyu na abin da 7800X3D ke samu. Intel ta kuma saka wani tsari a cikinsa mai suna Thread Director, wanda ke taimaka wa Windows 11 ta san aikin da za ta ba manya da wanda za ta ba yara. Akwai ƙarin abu guda da masu kyamara ya kamata su sani. Ƙaramin sashen hoto da ke cikin firosesan Intel yana da Quick Sync, wanda ke sauƙaƙa buɗe bidiyon H.264 da HEVC, har da nau'in 4:2:2 mai nauyi da wasu kyamarorin Sony da Canon ke ɗauka. Idan ka ga bidiyo yana tafiya sumul a Premiere Pro lokacin da ake ja da baya da gaba ana yanka, sau da yawa aikinsa ne. Wanda aka rubuta wa KF a ƙarshen suna, wato 14700KF, ba shi da wannan sashen, don haka mai editin kada ya ruɗu da ɗan rangwamen da ke kansa.

Kafin a yanke hukunci, akwai mutum na uku a layin da ake yawan mantawa da shi, wato mai aikin surfani. Duk rigar da ta fito daga hannun tela sai ta biya ta wurinsa. Idan shi mai nawa ne, saurin tela bai amfani kowa ba, riguna za su taru a gabansa ne kawai. Katin hoto ke nan. Idan katinka matsakaici ne, ko kana buga gem a kan 4K inda zane ya fi lissafi nauyi, bambancin firosesan nan biyu yakan ragu har ya kusa ɓacewa. Yana ba ni takaici in ga yaro ya zuba rabin kuɗinsa a firosesa don ya ji an ce shi ne sarkin gem, sannan ya haɗa shi da tsohon kati. Da ya ɗauki Ryzen 5 7600 ko Core i5-14600K, ya ƙara sauran kuɗin a kati, da ya fi jin daɗin wasansa nesa ba kusa ba.

Sai maganar wuta, wadda masu gwaji a Amurka da Turai kan ambata a taƙaice su wuce, mu kuwa a nan take. Shago mai mutum ashirin kekuna da dutsen guga da yawa yake kunnawa. Intel da kanta ta rubuta cewa 14700K yana jan wat 253 idan an sakar masa aiki. 7800X3D kuwa, ko da yake an rubuta masa 120, a aikace ba ya cika kaiwa 90, a cikin gem ma ƙasa da haka sosai yake ci. Gaskiya ne na Intel yana gama renda da wuri ya huta, amma idan abu ya ci wuta kusan ninki uku don ya gama a rabin lokaci, jimillar abin da ya sha ta fi. Haɗa shi da kati mai cin wat 200 da sauran kaya, sai ka ga kwamfuta ɗaya tana neman haura wat 500. Wanda ke kan sola da batura, ko yake auna fetur a galan don janareta, ya san abin da wannan lambar ke nufi da ƙarfe goma na dare.

Duk wutar da ya sha kuma zafi take komawa. A ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Damagaram cikin watan Afrilu, inda zafin waje ke wuce digiri 40, firosesan da ke kaiwa iyakarsa ta digiri 100 zai rage gudu da kansa don kada ya lalace, saurin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Babu ɗayansu da ke zuwa da fanka a kwali. Na AMD yana wadatuwa da fankar iska mai kyau, na Intel kuwa yana son babbar mai hasumiya biyu ko mai ruwa, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun farko. Idan hunturu ya shigo, ƙura za ta toshe haƙoran fanka, sai an riƙa buɗewa ana hurewa.

Kowannensu ya taɓa samun matsala, amma ba girmansu ɗaya ba. A 2023 an sami 7800X3D da suka ƙone saboda wasu allunan da ake ɗora firosesa a kai suna ba su wuta fiye da kima, AMD ta ƙayyade ta ta hanyar sabunta BIOS, maganar ta mutu. Ta Intel ta fi tsawo. A 2024 kamfanin ya amince cewa manyan firosesansa na zubi na 13 da na 14, har da 14700K, suna neman wutar da ta wuce ƙa'ida, abin da ke cinye su a hankali har kwamfuta ta fara mutuwa a tsakiyar aiki. Ya fitar da gyara a watan Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana kare lafiyayye, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Wannan ya shafe mu fiye da kowa, domin kayan hannu muke yawan saye, garantin kuwa ba kasafai yake ƙetaro teku da su ba.

Akwai kuma gaba. Mazaunin LGA1700 da 14700K ke zama a kai ya ƙare da shi, domin sababbin Core Ultra da suka fito a Oktoban 2024 wani mazauni suke so, wato sabon allo. AM5 kuwa AMD ta ce za ta ci gaba da yi masa firosesa har 2027 ko bayan haka, kuma 9800X3D da ya fito a Nuwamban 2024 a kansa yake zama. A ɗaya ɓangaren, na Intel yana karɓar tsohon ram na DDR4 idan allon irin nasa ne, na AMD kuwa sai DDR5. Ga mai tsohon ram a hannu, wannan sauƙi ne na gaske.

Ni dai ga inda na tsaya. Mafi yawan masu cewa "duka biyun" masu rigar ango ne, anko jefi-jefi yake zo musu. Teloli takwas gwanaye ba su gaza ɗinka anko ba, za su dai kai dare. Wanda ke haɗa bidiyo biyu ko uku a mako, ya rubuta takardu, ya gyara hotuna a Photoshop, sannan ya zauna gem, 7800X3D zai ishe shi, ɗakinsa ya fi sanyi, baturansa su fi jimawa. Amma wanda abincinsa ke cikin renda, mai situdiyon da masu biki ke tsaye a kansa suna jiran faifai, ko mai fitar da shiri mai dogon zango duk mako don YouTube, kowace sa'a da ya rage kuɗi ce a aljihunsa. Shi ya ɗauki 14700K, gem ɗinsa ma ba zai ji kunya ba. Ya saye shi sabo a kwali idan da hali, ya sa a sabunta masa BIOS a gabansa kafin ya bar shagon. Idan kuwa na hannu ne, ya ce wa mai kayan: "Oga, a kunna shi a sa masa renda mai nauyi tukuna, in ga bai mutu ba, sannan mu yi maganar kuɗi."