Baƙo Na Zuwa, Amma Ba Ya Kwana: Nazari Kan Yawon Buɗe Ido A Ƙasar Rano

Duk direban da ke bin hanyar Abuja ko ta Legas ya san sunan Rano, domin yana ganinsa a saman gidajen mai, kuma tun 2023 sunan ya hau jikin jiragen sama na Rano Air. Sai dai kaɗan ne cikin masu karanta sunan suka taɓa taka garin. Alhali gari ne da tarihin baka ya lissafa cikin Hausa Bakwai, shi da Kano ake kira sarakunan baba saboda sana'ar rini, sarkinsa kuma ake wa kirari da Autan Bawo.

Ba wai ƙasar ba ta ganin baƙi ba ne. Ran Sallah da kashegarinta, hanyar Tiga cika take da motocin haya da babura, ga samari da 'yan mata cikin sabon ɗinki, ga magidanta da iyalansu. A ranakun karatu kuma makarantu kan kwaso ɗalibai su zo ganin dam ɗin Tiga. Da hantsi ake isowa, a ɗauki hotuna a bakin ruwa, a ci soyayyen kifi, kafin magariba kowa ya kama hanyar gida. Canjin da ya faru cikin shekara hamsin shi ne nan: an tsara yankin don baƙon da zai kwana, yau kuwa baƙon yini ne ya mamaye shi.

Tsarin Audu Bako

Kwamishinan 'yan sanda Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, bai ɗauki dam a matsayin rumbun ruwan noma kaɗai ba. An gina madatsar Tiga daga 1971 zuwa 1974 a kan Kogin Kano, ruwanta ya shimfiɗu a kan murabba'in kilomita kusan 178, tana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Ita ce ke shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura da Bunkure, inda tumatir da shinkafa da alkama ke fitowa. A gefen wannan aiki aka kafa otal na Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga, aka kuma kafa otal na Bagauda a bakin tafkin Bagauda. Can kudu ga dajin Falgore, wanda Turawan mulkin mallaka suka keɓe, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. A birni ga gidan zu da ke ɗauke da sunan gwamnan har yau.

Idan aka jera waɗannan wurare a taswira, za a ga layi guda ne. Baƙo ya ga Dala da Kurmi da marinar Ƙofar Mata a birni, ya gangara kudu ya kwana a Bagauda ko Tiga, gari na wayewa ya shiga Falgore. A shekarun da kuɗin mai ke kwarara, masu bin wannan layi su ne ma'aikatan kamfanonin Bompai da Sharaɗa, Turawa da Kwarori, da manyan ma'aikatan gwamnati masu taron bita.

Yau otal ɗin Bagauda ya zama harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Rock Castle ya shafe shekaru ana maganar farfaɗo da shi. Falgore kuwa, mutane sun fi jin sunansa a labaran tsaro.

Me ya kori baƙon kwana?

Mutane da yawa kan ɗora laifin kacokan a kan tsaro, kuma suna da hujja. Harin 20 ga Janairu 2012 a birnin Kano da harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a Janairun 2013 sun sa ofisoshin jakadanci gargaɗin 'yan ƙasarsu, baƙin waje suka ja da baya. A tsakiyar shekarun 2010 ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka yi sansani a Falgore, har sojoji suka mai da dajin filin atisaye a 2017. Wanda ya san haka ba zai bari dare ya riske shi a hanyar Tudun Wada da iyalinsa ba.

Amma otal-otal ɗin sun fara lalacewa tun kafin a ji ƙarar bam a Kano. Na gwamnati ne, da kasafin gwamnati suke numfashi. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, masana'antun Kano suka soma rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai abokan cinikin suka ƙare, kuɗin gyara ma ya ƙare. Tsaro ya zo ne ya tarar da mara lafiya a kwance.

Dalili na uku ya fi waɗannan daɗewa. Bahaushe matafiyi gidan ɗan'uwa yake sauka, ko gidan aboki, ko gidan mai unguwa, kuma kunya ce a ce baƙonka ya biya kuɗin makwanci a garinku. Ga shi otal a idon jama'a da yawa wuri ne da ake zargi. Magidancin da zai kashe kuɗi ya kai iyalinsa Saudiyya ko Dubai, ya sauka a otal hankalinsa kwance, zai yi nauyin baki ya ce ya kwana da su a otal a Tiga. Wannan ɗari-ɗari ya fito fili a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya fina-finai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai sun nuna adawa. Duk mai son zuba jari a harkar shaƙatawa a yankin ya karanta wannan darasi.

Na huɗu shi ne rashin tabbas a sarauta. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, ƙananan hukumomi 10 a ƙarƙashinta, har da Bebeji inda Tiga take, da Tudun Wada da Doguwa inda Falgore yake. Sarki Tafida Abubakar Ila ya rasu a Mayun 2020, Kabiru Muhammad Inuwa, wanda ya yi hakimcin Kibiya, ya gaje shi. A Mayun 2024 aka soke dokar da ta ɗaga masarautar, a Yuli aka dawo da masarautar a daraja ta biyu, da Rano da Bunkure da Kibiya kaɗai. A birni kuma rikicin gadon sarauta ya sa aka hana hawan Sallah a 2024 da 2025, daidai lokacin da UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024. Hawa shi ne babban abin da ke jawo baƙo daga nesa, kuma mai sayen tikitin jirgi yana son ya san ranar tun watanni kafin ta zo.

Me ya kawo baƙon yini?

Abin da ya hana wasu, shi ya turo wasu. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, darajar naira kuma ta zube. Tafiya Yankari ko Jos da iyali ta zama sai mai hali. Tiga kuwa tafiyar awa ɗaya da wani abu ce daga birni, abokai biyar za su iya yin karo-karo su sha mai.

Waya ma ta yi nata aikin. Hoton da wani ya ɗora a TikTok ko Facebook yana tsaye a kan dutse, ruwa na bayansa, ya fi kowace sanarwar hukuma tasiri. Sai dai mai neman hoto minti talatin ya ishe shi. Ba ya tambayar tarihin ganuwa, ba ya neman wanda zai zaga da shi.

Riba da asara

Baƙon yini yana da amfaninsa. Masunta da masu suyar kifi, masu kwale-kwale, 'yan acaɓa da masu sayar da ruwan leda suna samun kasuwar da ba ta buƙatar jari mai yawa, kuma kuɗin kai tsaye yake shiga aljihun talaka. Yaran birni da ba su taɓa ganin inda ruwan famfonsu ke fitowa ba suna ganin hakan da idonsu.

Amma cinikin na kwanaki ƙalilan ne a shekara, kuma a wuri ɗaya yake tsayawa. Iyali sukan taho da kulolin abincinsu daga gida, su bar ledoji a bakin ruwa. Kuɗin ɗaki, tuwon dare, kokon safe, ɗan rakiya, tsarabar turmin rini ko tabarma, duk waɗannan sai wanda ya kwana ne ke biyansu. Don haka garuruwan da ba sa kan hanyar dam ba sa ganin ko sisi. Duwatsun Rurum suna nan kusa da ruwan. Cikin ƙaramar hukumar Kibiya ga Unguwar Gai, ga Tarai, Durba, Fammar da Nariya, ƙasar noma da kasuwannin mako, inda ɗan birni zai ga sussuka da casa da ɗinkin rumbu, abubuwan da 'ya'yansa a littafi kaɗai suka sani. Babu allo a hanya da ke nuna masa ya juya, babu masaukin da zai amince ya kai matarsa.

Akwai kuma haɗarin ruwa. Cunkoson rana ɗaya yana sa a cika kwale-kwale fiye da ƙima, ba rigar kariya. Kifewar jirgin ruwa a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, wadda ta ci rayukan ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi, ta nuna abin da lodi ke jawowa a madatsun jihar.

Abin da garuruwan Cek suka gani

Akwai darasi ga ƙasar Rano a Jamhuriyar Cek, da ke tsakiyar Turai. Mutanenta ba su kai miliyan 11 ba, ba ta da teku, kuma kafin 1989 a kulle take a bayan shingen gurguzu. Yau matafiyi kan sauka a Prag, ya hau jirgin ƙasa na awa guda zuwa Kutna Hora, tsohon garin haƙar azurfa, ko ya hau bas na kusan awa uku zuwa Ceski Krumlov. Ƙasar tana da wurare 17 a jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Najeriya biyu gare ta, Sukur da kurmin Osun na Osogbo, ganuwar Kano kuwa tun 2007 take layin jira.

Abin da ya fi kama da Tiga a can shi ne tafkin Lipno. An gina madatsarsa daga 1952 zuwa 1959 don lantarki da tare ambaliya, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 50 ba, wato Tiga ta ninka shi fiye da sau uku. A zamanin gurguzu wani ɓangaren gaɓarsa haramtaccen yankin iyaka ne. Bayan 1989 hukumomin ƙauyukan gaɓar suka haɗa kai da 'yan kasuwa, aka yi tashar ƙananan jiragen ruwa, hanyar keke, wurin wasan ƙanƙara, a 2012 kuma aka buɗe gadar katako da ke bi ta saman bishiyoyi. Manufar duk ɗaya ce, a ba iyali dalilin yin kwana uku. Mafi yawan masaukan ƙasar kuwa ba na gwamnati ba ne, akwai ɗimbin ƙananan gidajen baƙi da iyalai ke gudanarwa. Hanyoyin ƙafa ma, masu tsawon fiye da kilomita 40,000, 'yan sa-kai na wata ƙungiya da aka kafa a 1888 ne ke shafa musu alamar fenti a jikin bishiya da dutse, don kada baƙo ya ɓata.

Krumlov kuma gargaɗi ne. Mazaunansa kusan 13,000 ne, amma kafin annobar korona baƙinsa sun haura miliyan a shekara, da yawansu a manyan bas suke zuwa su yi awanni kaɗan su wuce. Gidajen tsakiyar gari suka koma shaguna da masaukai, 'yan gari suka fice. A 2018 wata mai fasaha, Katerina Seda, ta kai ga biyan mutane albashi don su zauna a tsakiyar garin su yi rayuwar yau da kullum. A 2019 hukumar garin ta sa wa manyan bas haraji da sharaɗin neman izini tun kafin su iso. Ke nan ko inda kuɗi ke shigowa, baƙon yini ya fi kawo cunkoso a kan riba.

Abin da ke hannun wa

Ƙasar Rano ba ta da jirgin ƙasa irin na Cek, ba ta kuma da kuɗin Tarayyar Turai. Amma abubuwan da suka fi tasiri a can ba su ne masu tsada ba: allon hanya, alamar fenti, masaukin iyali mai tsabta da masallaci da sashen mata, matasan gari da aka koya wa tarihin garinsu su yi rakiya, da rigar kariya a kowane kwale-kwale. Masaukin da ke ƙarƙashin idon hakimi ko dagaci zai iya kawar da zargin da otal ke fama da shi, tunda saukar baƙo dama aikin sarauta ne.

Cikas ɗin yana wajen rabon iko. Madatsar Tiga tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce. Harkar yawon buɗe ido ta gwamnatin jiha ce. Kasuwanni da hanyoyin ƙauye na ƙananan hukumomi ne, hawa da tarihi kuma na fada. Tun 2024 ma Tiga da Falgore sun fita daga ƙasar Sarkin Rano, Muhammad Isa Umaru, don haka duk wani tsari da zai haɗa dam da garin Rano da ƙauyukan Kibiya a tafiya ɗaya sai ya bi ta masarautu biyu, ƙananan hukumomi aƙalla uku, da wata hukumar da ke karɓar umarni daga Abuja.