Cin amana a Turanci: daga "loyal" zuwa "infoma"

Kullum da safe a wurin asambili, daga Batsari har Safana, muna jin ɗalibai suna alƙawarin zama loyal ga Nijeriya. Amma a ce wa ɗan aji shida ya rubuta da Turanci cewa abokinsa ya ci amanarsa, nan ake yin ta. Mun sha ganin "He disloyaled me" a takardun insha'i, kuma jan biron mai duba jarrabawar WAEC ba ya tausayin kowa.

Mu a Hausa "cin amana" ɗaya ya ishe mu. Aboki ya ci amana, yaron shago ya ci amana, soja ya ci amanar ƙasa. Bature kuwa ya raba abin gida-gida.

Loyal sifa ce. A sa mata ɗafa-goshin dis- ta zama disloyal. Ɗafa-ƙeyar -ty na mayar da ita suna, wato disloyalty, -ly kuma ta ba da bayanau, disloyally. Ana cewa disloyal to, ba disloyal with ba. Abin da babu a wannan gida shi ne aikatau, kuma nan ne yawancinmu ke faɗuwa. In aikin ake son faɗa, sai a leƙa maƙwabta a aro betray: "He betrayed me." Sunan aikin betrayal, mai aikata shi kuma traitor.

Ga misali daga gida. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindigar da suka addabi ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu, a 2020 kuma ya ce sun ci amanarsa. Mai rubuta wannan a insha'i zai ce "They betrayed his trust." In yarjejeniyar yake nufi, to "They broke the agreement" ya fi dacewa.

Treason kuwa ba kalmar wasa ba ce, ta kotu ce: cin amanar ƙasa. Ɗan uwanta, treasonable felony, shi ya sa aka yanke wa Obafemi Awolowo ɗaurin shekara 10 a 1963. Ƙawar da ta tona miki asiri a aji ba ta kai nan ba, duk zafin da kika ji.

Betray da traitor da treason duk tushensu ɗaya ne, wata kalmar Latin, tradere, mai nufin miƙa abu ga wani. Ku tsaya a kan wannan ma'ana. Miƙa naka ga abokin gaba, ai shi ne abin da mutanen yankinmu ke kira aikin infoma: wanda ke sanar da 'yan daji gidan da aka sayar da shanu, ko ranar da wane zai dawo daga tafiya.

A Turanci kalmomin biyu ne. Informer shi ne mai kai rahoton mutanensa a ɓoye, galibi ga 'yan sanda. Informant ya fi faɗi, ya haɗa duk mai ba da bayani, shi ya sa jaridu ke ƙara masa "bandits' informant" don a gane wanda ake nufi. Za ku kuma lura suna yawan sa suspected ko alleged a gaba, wato wanda ake zargi. Ba don ado ba ne. A ƙauyukanmu, a nuna mutum da yatsa a ce infoma ne na iya zama ajalinsa tun kafin a bincika, wani lokacin ma tsohuwar gaba ce kawai ta gona. Wanda ya zaɓi rubutu kan tsaro a jarrabawa, kada ya manta da wannan kalma guda.

In kuwa malamin tarihi ya tura ku yin hira da kakanku kan yadda aka kafa garinku, to a Turance tsohon informant ɗinku ne. Kada dai ku fassara masa.